Ra'ayin 'yan libatariya kan gyaran tsarin kiwon lafiya a Amurka

Ra'ayin 'yan libatariya kan gyaran tsarin kiwon lafiya shi ne matsayin da mabiya aƙidar libatariyanci suke ɗauka a muhawarar da ake yi a Amurka game da wanda ya kamata ya biya kuɗin magani, da kuma iyakar ikon gwamnati a wannan fage. A ganinsu, magani da inshorar lafiya abu ne da ya kamata a bar shi tsakanin mutum da likitansa da kasuwa, kuma gwamnati ba ta da hurumin tilasta wa kowa sayen inshora ko ɗaukar nauyin jinyar wani. Suna kuma cewa tsadar magani a Amurka ta samo asali ne daga dokokin gwamnati da suka taru shekara da shekaru, ba daga sakin kasuwa ba. Ra'ayin ya fi fitowa fili bayan shekarar 2010, lokacin da aka kafa dokar da aka fi sani da Obamacare, wadda shari'arta ta kai har Kotun Ƙoli a 2012.

Asalin sunan

Kalmar libatariya ta fito ne daga Latin, inda libertas ke nufin 'yanci. A fagen siyasa, wani Bafaranshe mai suna Joseph Déjacque ne ya yi amfani da ita a 1857, kuma shi ɗan gurguzu ne mai ƙin kowace irin gwamnati. Haka ma'anarta ta daɗe a Turai. A Amurka kuwa sai ta juya. Tun zamanin shugaba Franklin Roosevelt kalmar libaral ta koma nufin masu son gwamnati ta shiga harkar tattalin arziki, saboda haka masu son ƙaramar gwamnati da kasuwa sakakkiya suka rasa sunansu na asali, suka ari wannan a tsakiyar ƙarni na 20. Da wannan ma'ana ta Amurka ake amfani da kalmar a wannan maƙala.

Bai kamata a haɗa su da masu ra'ayin mazan jiya ba, ko da yake sukan haɗu a jam'iyyar Republican. Suna da tasu jam'iyyar, wadda aka kafa a Colorado a watan Disamba na 1971, amma ba ta taɓa samun ƙuri'u masu yawa ba. Tasirinsu ya fi zuwa ta hanyar malaman jami'a, lauyoyi, da cibiyoyin bincike irin su Cato, wadda aka kafa a 1977.

Haƙƙin a bar ka da haƙƙin a ba ka

Tushen aƙidar shi ne mutum ya mallaki kansa da abin da ya samu da guminsa, kuma ba wanda ke da ikon fara amfani da ƙarfi a kansa, ko mutum ɗaya ne ko hukuma. Masanin falsafa Robert Nozick, a littafinsa na 1974 mai suna Anarchy, State, and Utopia, ya taƙaita aikin gwamnati ga kare mutane daga duka da sata da zamba, da tabbatar da an cika alkawuran ciniki. Murray Rothbard ya wuce nan, ya ce ko wannan ma ba sai da gwamnati ba.

Daga nan suke raba haƙƙi gida biyu, kuma a Hausa bambancin baƙi ɗaya ne tak: akwai haƙƙin a bar ka, akwai haƙƙin a ba ka. 'Yancin magana da na addini da na mallakar dukiya na farkon ne, domin ba sa buƙatar komai daga wurin kowa sai dai ya kame hannunsa. Magani kuwa ba ya samuwa sai wani ya yi aiki, wani ya biya. Don haka, in ji su, duk wanda ya ce magani haƙƙinsa ne, abin da yake nufi shi ne yana da rabo a aikin likita ko a aljihun mai biyan haraji. Sanata Rand Paul na jihar Kentucky, wanda likitan ido ne, ya kai wannan hujja ƙarshenta a 2011, inda ya kamanta ɗaukar magani a matsayin haƙƙi da bautar da likitoci. Maganar ta jawo masa suka mai yawa, kuma akwai gaskiya a sukar, tun da a ƙasashen da ke da inshorar kowa da kowa ana biyan likitoci albashi, kuma suna iya ajiye aiki ranar da suka ga dama. Ɓangaren hujjar da ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne na haraji. Mahaifinsa, Ron Paul, wanda likitan mata ne kuma ya daɗe yana wakiltar wata mazaɓa ta Texas a majalisar wakilai, shi ma a kan wannan layi ya tsaya.

Yadda suke karanta tarihin tsarin Amurka

Mutanen waje sukan ɗauki Amurka a matsayin misalin ƙasar da ta bar lafiya a hannun kasuwa. 'Yan libatariya ba su yarda da haka ba ko kaɗan, kuma a nan ne hujjarsu ta fi samun karɓuwa har a wajen masana tattalin arzikin da ba sa bin aƙidarsu.

Misalinsu na farko shi ne yadda inshora ta ɗauru da wurin aiki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1942 ta hana kamfanoni ƙara albashi yadda suke so. Da yake ma'aikata sun yi ƙaranci, sai kamfanoni suka riƙa jawo su da inshorar lafiya, wadda hukuma ta ce ba a lissafa ta cikin albashi. Dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a cire haraji daga kuɗin inshorar da mai aiki ya biya wa ma'aikacinsa. Wato dala ɗaya da ta bi ta hannun kamfani zuwa inshora ta fi dala ɗaya da ta shiga aljihun ma'aikaci daraja. Sakamakon haka mutane suka riƙa sayen inshora mai ɗaukar har ƙananan abubuwa, wanda ya bar aiki ya rasa tasa, kuma majinyaci ya daina tambayar farashi tun da ba shi ke biya kai tsaye ba. A 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Medicare na tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, abin da ya mai da gwamnati babbar mai sayen magani a ƙasar. A 1960 kusan rabin kuɗin lafiya daga aljihun majinyata yake fita. Yanzu bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba, alhali ƙasar na kashe wajen kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara a kan lafiya. Milton Friedman ya bayyana matsalar da cewa ba wanda ke kashe kuɗin wani da irin tsantsenin da yake kashe nasa.

Na biyu shi ne lasisin likitoci. Friedman ya fara nazarin wannan tare da Simon Kuznets a wani aiki da ya fito a 1945, sannan ya ware masa babi guda a Capitalism and Freedom na 1962. Ya ce ƙungiyar likitocin Amurka ta yi amfani da ikon tantance makarantu da ba da lasisi wajen rage yawan likitoci, abin da ya ɗaga kuɗin shigarsu. Rahoton Flexner na 1910 ya kai ga rufe makarantun likitanci da dama, har da mafi yawan na baƙaƙen fata. Masu kare rahoton suna cewa da yawa daga makarantun ba su da inganci, kuma gaskiya ne. 'Yan libatariya na yanzu ba kasafai suke neman a soke lasisi ɗungurungum ba. Abin da suka fi nema shi ne a bar ma'aikatan jinya masu babban horo, da ungozomomi, da masu harhaɗa magunguna su yi aikin da suka iya ba tare da sai likita ya sa hannu ba, a kuma sauƙaƙa wa likitocin da suka yi karatu a wasu ƙasashe.

Na uku su ne dokokin da ke cewa kafin a gina asibiti, ko a ƙara gadaje, ko a sayi babbar na'ura, sai an sami takardar shaidar cewa akwai buƙata. Jihar New York ce ta fara a 1964, gwamnatin tarayya ta matsa wa sauran jihohi a 1974, sannan ta janye matsin a tsakiyar shekarun 1980. Duk da haka jihohi fiye da 30 sun ci gaba da riƙe dokar ta wata fuska. A wasu wuraren asibitocin da ke nan suna da damar ƙalubalantar takardar sabon shiga, tamkar a ce sai mai shago ya yarda kafin a buɗe wani kusa da shi.

Akwai kuma hukumar abinci da magunguna, FDA. Bayan bala'in maganin thalidomide, dokar 1962 ta wajabta wa kamfanoni su nuna cewa magani yana aiki kafin a sayar da shi. Sam Peltzman ya wallafa nazari a 1973 yana cewa sababbin magunguna sun ragu sosai bayan dokar. Hujjar ita ce hukumar tana jin tsoron amincewa da mugun magani, domin kowa zai gani, amma ba ta jin tsoron jinkirta nagari, domin waɗanda suka mutu suna jira ba a ganin su a jarida.

Dokar 2010 da shari'ar tilasta sayen inshora

Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar a ranar 23 ga Maris 2010. Ta hana kamfanonin inshora ƙin karɓar mai tsohuwar cuta ko tsauwala masa farashi, ta ba masu matsakaicin samu tallafi, ta faɗaɗa Medicaid, sannan ta wajabta wa kusan kowa ya mallaki inshora daga 2014 ko ya biya tara. Tarar ta fara da dala 95 ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin shiga, ta kai dala 695 ko kashi 2.5 cikin 100 a 2016, duk wanda ya fi yawa. Dalilin wajabcin a fili yake. Idan kamfani ba zai iya korar mara lafiya ba, masu ƙoshin lafiya za su jira sai sun kwanta kafin su saya, farashi ya yi ta hawa.

Don gane ƙarar da aka shigar, sai an san yadda kundin tsarin mulkin Amurka ya raba iko. Majalisar tarayya ba ta da ikon yin doka a kan duk abin da ta ga dama. An lissafa mata ikonta a sashe na 8 na babi na ɗaya, kuma gyara na 10, na shekarar 1791, ya ce abin da ba a ba ta ba na jihohi ne ko na jama'a. Cikin ikon da aka lissafa akwai na tsara ciniki tsakanin jihohi, da na karɓar haraji. Tun daga shekarun 1930 kotu ta riƙa faɗaɗa ma'anar na farkon. Shahararren misali shi ne shari'ar Wickard da Filburn ta 1942. Roscoe Filburn manomi ne a Ohio, an ƙayyade masa eka 11 da 'yan kai na alkama, ya shuka 23, ya ce rarar ta amfanin gonarsa ce. Kotun Ƙoli ta ce duk da haka tarayya na da iko a kansa, domin idan manoma da yawa suka yi haka zai taɓa farashin alkama a ƙasa baki ɗaya. 'Yan libatariya suna ɗaukar wannan hukunci a matsayin ranar da shingen ya faɗi.

Randy Barnett, farfesan shari'a a jami'ar Georgetown, shi ne ya fi kowa gina hujjar da aka yi amfani da ita a kan Obamacare. Shi ne lauyan da ya sha kaye a shari'ar Gonzales da Raich ta 2005, inda kotu ta ce tarayya na iya hana noman tabar wiwi ta magani ko da jihar California ta halatta. A wannan karon ya ce ko Filburn ma wani aiki ya yi, ya shuka alkama. Wanda bai sayi inshora ba kuwa bai yi komai ba, yana zaune ne kawai. Tsara cinikin da ake yi daban, tilasta wa mutum ya shiga ciniki daban. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ma ya taɓa rubutawa a 1994 cewa irin wannan wajabci ba a taɓa yin sa ba a matakin tarayya. Da farko yawancin malaman shari'a sun ɗauki hujjar da wasa. Sai ga alƙali Henry Hudson na Virginia ya karɓe ta a watan Disamba na 2010, alƙali Roger Vinson na Florida ya bi sahu a watan Janairu na 2011, har ya ce dokar duka ta faɗi.

Jihohi 26 da wata ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwa, NFIB, suka kai maganar Kotun Ƙoli, aka yi kwana uku ana sauraro a watan Maris na 2012. A nan ne mai shari'a Antonin Scalia ya yi tambayar da ta shahara: tun da kowa na cin abinci, shin gwamnati na iya tilasta wa mutane sayen burokoli, wani kayan lambu dangin kabeji? Amsar gwamnati ita ce kasuwar lafiya ta bambanta, domin ba wanda ya san ranar da zai buƙaci asibiti, kuma wanda bai da inshora wasu ne ke biya masa idan ya zo.

Hukuncin ya fito ranar 28 ga Yuni 2012, kuma ya raba wa kowa nasa. Alƙalai biyar cikin tara sun yarda cewa ikon tsara ciniki bai kai ga tilasta sayayya ba. Amma babban jojin, John Roberts, ya haɗu da sauran huɗun wajen cewa tarar haraji ce a zahiri, tun da hukumar haraji ke karɓa kuma ba a ɗaure wanda bai sayi inshora ba, saboda haka dokar ta tsira. A kan Medicaid kuwa alƙalai bakwai sun ce barazanar janye wa jiha dukkan kuɗinta na Medicaid idan ta ƙi faɗaɗawa tursasawa ce, aka mai da faɗaɗawar zaɓi. Zuwa ƙarshen 2023 jihohi 40 da birnin Washington sun karɓa. 'Yan libatariya sun rabu a kan ma'anar hukuncin. Wasu, har da Barnett, sun ce an sami nasara a ƙa'ida tun da kotu ta shata wa ikon ciniki iyaka. Wasu sun ce ba abin da aka samu, domin abin da aka hana ta ƙofa an shigo da shi ta taga da sunan haraji.

An sake gwadawa. Michael Cannon na Cato da farfesa Jonathan Adler sun ce lafazin dokar bai ba da tallafi ba a jihohin da ba su kafa kasuwar inshorarsu da kansu ba. Kotu ta ƙi wannan da ƙuri'a 6 da 3 a shari'ar King da Burwell ta 2015. Abin da kotu ba ta yi ba majalisa ta yi: dokar haraji ta Disamba 2017 ta mai da tarar sifili daga 2019. Ƙarar da ta biyo baya, ta California da Texas, an kore ta a 2021 da ƙuri'a 7 da 2 bisa cewa masu ƙara ba su nuna cutarwar da aka yi musu ba.

Abin da suke so a yi

Shawararsu da ta fi zama doka ita ce asusun ajiya na lafiya, wanda mutum ke tara kuɗi a ciki ba haraji don ƙananan jinya, ya riƙe inshora don manyan masifu kawai. John Goodman da Gerald Musgrave sun tallata shi a littafinsu Patient Power na 1992, kuma ya shiga doka a 2003. Dokar 2018 da ta ba masu cutar ajali damar gwada maganin da ba a gama tantancewa ba ta samo asali ne daga cibiyar Goldwater ta Arizona. Sukan kawo misalin wata cibiyar tiyata a Oklahoma da ke buga farashinta a intanet, da tiyatar gyaran gani da haske, wadda inshora ba ta cika biya ba. Game da talakawa kuwa, masanin tarihi David Beito ya rubuta a 2000 yadda ƙungiyoyin taimakon juna na ma'aikata da baƙin haure suke ɗaukar likita da kuɗin shekara a farkon ƙarni na 20.

Saɓani tsakaninsu

Ba duka ne suka ƙi hannun gwamnati ba. Friedrich Hayek, a The Road to Serfdom na 1944, ya yarda gwamnati ta taimaka wajen shirya inshorar rashin lafiya da haɗari, daga baya ma ya karɓi wajabta inshora matuƙar gwamnati ba ta kankane harkar ita kaɗai ba. Friedman kansa, a farkon shekarun 1990, ya ba da shawarar a wajabta wa kowane gida inshorar manyan cututtuka a maimakon Medicare da Medicaid. Ra'ayin wajabcin ma ya fito daga cibiyar Heritage ta masu ra'ayin mazan jiya a 1989, kuma gwamna Mitt Romney ya mai da shi doka a Massachusetts a 2006. Ƙasar Singafo da sukan yaba wa, asusunta na Medisave da aka fara a 1984 na dole ne, kuma manyan asibitocinta mallakar gwamnati ne.

Suka

Babbar sukar ta fito ne daga maƙalar Kenneth Arrow ta 1963, wadda ta nuna cewa magani ba kamar sauran haja ba ne: buƙatarsa ba ta da lokaci, kuma likita ya fi majinyaci sanin abin da ake sayarwa nesa ba kusa ba. Wanda aka ɗauko a sume ba ya taya farashi. Tiyatar ido da ake misali da ita aiki ne da mutum ke shiryawa a tsanake. Sannan dokar 1986, wadda Ronald Reagan ya sa wa hannu, ta wajabta wa asibitoci duba duk wanda ya zo sashen gaggawa ko ba ya da kuɗi. Masu suka suna cewa muddin al'umma ba za ta bar mutum ya mutu a bakin ƙofa ba, to wanda ya ƙi sayen inshora yana ɗora wa wasu nauyinsa ne.

Manyan gwaje-gwaje biyu da ake ambata ba su raba gardamar ba. Na cibiyar RAND, wanda aka kammala a 1982, ya gano cewa waɗanda ke biyan wani kaso daga aljihu sun rage zuwa asibiti da kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da lafiyar yawancinsu ta taɓu ba, amma sun rage mai amfani da mara amfani duka, kuma talakawa masu hawan jini sun cutu. A Oregon, inda aka raba guraben Medicaid ta hanyar ƙuri'a a 2008, waɗanda suka samu sun rage bashi da ciwon damuwa, amma cikin shekara biyu ba a ga sauyi bayyananne a hawan jini ko sukari ba. Yawan marasa inshora a ƙasar ya sauka daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan kashi 9 a 2016.

Hujjar kundin tsarin mulki kuma ta tsaya ne a kan tarayya kaɗai, ba ta hana jiha yin abin da ta hana Washington ba. Bayan da tarar tarayya ta koma sifili, New Jersey, California, Rhode Island da birnin Washington sun kafa nasu wajabcin da tara, suka bi sahun Massachusetts.